Yadda ake zaɓar fis ɗin da ya dace da tsohuwar mota

Fijo 504 ɗin da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, haɗin Kakuri ce, daga masana'antar da ta fara harhaɗa Fijo a nan Kaduna tun 1975. Inji lafiya, giya lafiya, amma wayarinta ya ga hannuwa da yawa. Wata Juma'a da magariba ina dawowa daga Zariya, na iso wajen Kawo, sai na ji ƙauri kamar ana ƙona leda. Kafin in gangara gefen titi hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Allah ya taimake ni akwai sufana a aljihun ƙofa, na yi maza na ɓalle kan batir. Da gari ya waye aka buɗe, sai ga wayar fitilun baya ta narke tun daga dashbod har but, ta manne da 'yan'uwanta. Shi kuwa fis ɗin da ya kamata ya mutu a madadinta yana nan garau abinsa. Mai amfiya 30 ne, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bin waya. Wani yaron gareji ne ya cusa shi makonni biyu kafin nan, wai ƙaramin yana yawan ƙonewa.

Dattijon mai wayarin da ya sake mini layin ya ɗaga ƙonanniyar wayar ya nuna mini.

"Malam, wa kake jin fis yake gadi a motar nan?"

Na ce, "Fitila mana, Baba."

Ya girgiza kai. "Waya yake gadi. Fitila in ta mutu ɗari nawa ce? Waya in ta kama, da motar za ta tafi."

Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan maganar ya fito. Lambar fis tana zaune ne tsakanin iyaka biyu. Dole ta ɗara wutar da kayan da ke kan layin suke ja, in ba haka ba kullum kana canji. Dole kuma kada ta wuce abin da wayar layin za ta iya ɗauka, in ba haka ba wayar ce za ta zama fis. Aikinka shi ne ka gano waɗannan lambobi biyu ka zaɓi abin da ke tsakani.

Fara da sanin irin fis ɗin da motarka take sha

Kafin ka taɓa komai, cire kan batir na ɓangaren da ke haɗe da bodi. Buɗe gidan fis, ka ɗauke shi hoto da wayarka, ka rubuta abin da ke cikin kowane rami. Duba cikin murfin, don masana'antu da yawa a nan suke buga lambobin. In Allah ya sa littafin motar yana nan, shi ne shaidar farko. Sai dai ka tuna littafin yana bayanin motar ne ranar da ta fito, ba bayan shekara 40 da aka liƙa mata rediyo da fanka da hon mai kukan tirela ba. Abin da ka tarar a cikin ramukan kuwa kada ka ɗauke shi hujja. Abin da mai gyaran ƙarshe ya samu a aljihunsa ne.

Fis iri uku za ka gamu da su a tsofaffin motocin da ke yawo a garin nan, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa rami, don lamba ɗaya ko launi ɗaya ba abu ɗaya yake nufi a kowane iri ba.

Na farko shi ne na gilashi, ɗan bututu mai hular ƙarfe a kowane gefe. Tsofaffin Datsun da Toyota da shi suka zo, haka motocin Amurka da na Ingila. A na Japan da na Amurka, lambar da ke jikin hular ita ce wutar da fis ɗin zai iya ɗauka yana aiki. Amma tsofaffin fis ɗin kamfanin Lucas, waɗanda ke cikin Land Rover da Morris da Austin na da, da wani ma'auni aka rubuta su: lambarsu ita ce wutar da za ta ƙone su nan take. Za ka gane su da 'yar takarda a cikin gilashin mai ɗauke da suna da lamba. Lucas mai 35, abin da yake ɗauka yana aiki kusan amfiya 17 ne. Mai 50 kusan 25, mai 25 kusan 12. Wato rabi. To ka ga mutum ya cire Lucas mai 35 daga tsohuwar Land Rover, ya je kasuwa ya ce a ba shi 35, aka ba shi na zamani. Wannan zai bar amfiya 35 ta yi ta wucewa hankalinsa kwance, alhali wayar da ke bayansa don rabin haka aka yi ta. A madadin Lucas mai 35, mai 15 ake sawa, in ya ƙi zama a sa 20 in waya ta ba da dama. Ni da 15 nake farawa.

Na biyu shi ne na tangaran mai tsini biyu kamar ƙwallon dabino, da ɗan siririn ƙarfe kwance a bayansa a fili. Tsawonsa milimita 25. Na motocin Jamus ne, Marsandi irin W123 da ta fito a 1976, da Volkswagen Beetle, da tsofaffin BMW. Da launi ake gane shi: rawaya amfiya 5, fari 8, ja 16, shuɗi 25. Beetle kusan duk da fari da ja take rayuwa.

Na uku shi ne mai ƙafa biyu na roba, wanda kowa ya sani yau. Kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da shi a 1976, kuma da yawa daga tsofaffin motocinmu an riga an canza musu gidan fis zuwa irinsa. Launukansa: ruwan ƙasa mai haske 5, ruwan ƙasa mai duhu 7.5, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, garai-garai marar launi 25, kore 30.

Sake karanta jerin biyu ka gani. Ja a tangaran 16, ja a roba 10. Shuɗi a tangaran 25, a roba 15. Mafi muni rawaya: a tangaran 5, a roba 20, ninki huɗu. Wanda ya canza gidan fis ɗin Marsandi yana bin launi da launi, ya ba layin da ke son 5 mai gadi na 20. Lamba ake karantawa, launi taimako ne kawai.

Lissafa wutar da layin yake ja

Ka ɗauki rami ɗaya-ɗaya. Mayar da kan batir, zare fis guda, ka kunna komai ka ga me da me suka mutu. Rubuta su. A tsohuwar mota za ka sha mamaki, don sai ka tarar hon da fitilar birki da abin kunna sigari duk a kan rami ɗaya suke, wani lokaci haka aka ƙera, wani lokaci aikin hannun wani ne.

Ƙwayayen fitila ba su da wahala, don kowane an buga wat ɗinsa a gindi. Raba wat da bolt, abin da ya fita shi ne amfiya. Ƙwan birki wat 21 ne, guda biyu 42, a raba da 12, amfiya 3.5. Ƙwan fitilar gaba na H4 an rubuta masa 60/55, wato doguwar wuta 60, gajera 55. Doguwar tana jan amfiya 5 a kowane gefe, 10 duka biyun. Ƙananan fitilu kuma a haɗa su gaba ɗaya: biyu a gaba, biyu a baya, biyu na lamba, kowane wat 5, ya zama 30, a ƙara ƙwayayen dashbod huɗu masu wat 2, ya zama 38, a raba da 12, amfiya 3.2 ke nan.

Mai tsohuwar Beetle ta kafin 1967 ya fara duba batirinsa, don da yawansu bolt 6 ne. Ƙwan wat 21 da ke jan amfiya 1.75 a bolt 12, a bolt 6 amfiya 3.5 yake ja. Ninki biyu. Shi ya sa wayoyin motar bolt 6 suka fi kauri. In kuma an riga an mayar da ita bolt 12, kamar yadda aka yi wa yawancin waɗanda suka rage, lissafin da sabon bolt ɗin za a yi shi.

Abin da ke da mota a cikinsa, kamar waifa da fankar lagireto da fankar hita da famfon fetur na lantarki, ba kasafai ake rubuta musu wat ba. Aunawa ake yi. Juya mitar auna wuta zuwa ma'aunin amfiya 10 na wutar batir, mayar da jar igiyar ramin da aka rubuta 10A, zare fis ɗin, ka ɗora bakin igiyoyin biyu a kan ƙarafan ramin, ka sa wani ya kunna. Duk wutar layin ta cikin mitar za ta bi. Iyakar ƙananan mitocin nan amfiya 10 ce, saboda haka kada ka gwada babbar fanka da su. Ita sai mita mai baki kamar filaya da ake maƙalawa a jikin waya, kuma ka tabbata tana karanta wutar batir, don da yawa daga waɗanda masu wayarin gida suke riƙewa wutar NEPA kaɗai suke gani.

Yi awon inji yana aiki. Batir a tsaye bolt 12.6 ne, amma in altaneta na caji yakan kai 14, kuma fitilu sukan ƙara jan wuta kaɗan. Waifa kuma a auna ta a kan busasshen gilashi, don a nan ta fi shan wahala. Wanda ya taɓa kunna waifa a kan ƙurar hunturu ya san yadda take nishi.

Akwai wani abu da mita ba za ta nuna maka sosai ba. Zaren ƙwan fitila in yana da sanyi, a ƙiftawar farko yakan ja kusan ninki goma na abin da yake ja in ya yi zafi. Mota ma haka, lokacin tashi ta fi cin wuta. An ƙera fis ɗin mota ya jure wannan fizgar ta ɗan lokaci, amma in ka matse lambar dab da abin da layin ke ja, fizgar yau da gobe za ta gajiyar da ƙarfen, wata rana ya tsinke ba tare da laifin kowa ba.

Yanzu waya, wadda ita ce mai gayya

Kaurin roba ba ya nuna komai. Jan ƙarfen da ke ciki ake dubawa. Nemi bakin wayar a inda ta shiga soket, ko ka fere ɗan guntu a ƙarshenta, ka baza silin a kan farar takarda ka ƙirga. A tsarin tsofaffin wayoyin motocin Ingila kowane sili kaurinsa milimita 0.30 ne, kuma adadinsu shi ne girman wayar. Sili 9 tana ɗaukar amfiya 5.75. Sili 14, wato murabba'in milimita 1, amfiya 8.75. Sili 28, murabba'in milimita 2, amfiya 17.5. Sili 44, murabba'in milimita 3, kusan amfiya 27. Sili 65, amfiya 35. Ka lura da sili 28 ɗin nan: 17.5 ita ce daidai abin da Lucas mai 35 yake ɗauka. Ba a banza suka haɗu ba.

Jamusawa kuwa a taswirar wayarin suke rubuta girman kowace waya, 0.75 ko 1.0 ko 1.5 ko 2.5. A aikace, 1.0 abokiyar farin fis ce mai 8, 1.5 tana tafiya da ja mai 16, 2.5 da shuɗi mai 25.

Za ka ga jadawalin wayoyin zamani masu siririyar roba yana ba murabba'in milimita 1 har amfiya 16. Gaskiya ne, amma robarsu daban ce, ta fi jure zafi. Wayar da ta shekara 40 tana gasuwa a ƙarƙashin bonet, robarta ta bushe tana tsagewa in ka lanƙwasa, ba za a yi mata lissafin sabuwa ba. Tsohon jadawalin za ka bi.

Abu biyu nake so a dage a kansu a nan. Na ɗaya, layi guda yakan fita daga gidan fis da kauri, ya je gaba ya rabu zuwa sirara. Wayar da ta fi kowace siranta ita ce ke yanke hukunci. In babbar tana ɗaukar 17 amma reshen da ya tafi fitilar lamba 8 yake ɗauka, fis mai 16 bai kare reshen ba. Abin da ya ci wayata ke nan. Na biyu, bi layin da hannu ka nemi ƙari. Duk inda ka ji kumburin baƙin salatif, warware. Sau da yawa za ka tarar an dasa guntun wayar lasifika ko ta cajar waya a tsakiyar layin fitila. Akwai kuma wayar da ake sayarwa yanzu, waje ja ciki fari, alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya da reza, in ya yi fari to ita ce, kuma ba ta ɗaukar abin da jan ƙarfe zalla mai kaurinta yake ɗauka. Cire ta kawai.

Fitar da lambar

Masu ƙera fis suna ba da shawarar kada wutar yau da kullum ta wuce kashi 75 cikin 100 na lambar fis. Saboda haka raba abin da ka lissafa da 0.75, ka hau zuwa lambar da ake sayarwa mafi kusa, sannan ka waiwayi wayar ka ga ko ta yarda.

Ƙananan fitilu, 3.2 a raba da 0.75, ya ba da 4.3, fis mai 5 ke nan. Birki, 3.5 ya koma 4.7; mai 5 zai yi, amma tunda fitilar birki sau ɗari ake kunna ta tsakanin Kasuwar Barci da Kawo, na fi son 7.5 ko farin tangaran mai 8, muddin wayar ta kai sili 14. Doguwar wuta gefe ɗaya, 5 ya koma 6.7, a sa 7.5 ko 8. In duka biyun a rami ɗaya suke, 10 ya koma 13.3, a sa 15 ko 16, kuma dole wayar ta kai sili 28. Fankar da ka auna ta ba ka 9, lissafi ya ce 12, a fara da 15. In tana ƙone shi wajen tashi, a hau 20 bayan an tabbata wayarta sili 44 ce.

Wancan kashi 75 ɗin a yanayin zafi na digiri 25 aka auna shi. Fis da zafi yake aiki, ƙarfensa narkewa yake yi, don haka in yana zaune a wuri mai zafi ya riga ya yi rabin tafiya. A watan Maris da Afrilu, mota a cunkoson Ahmadu Bello Way da rana tsaka, ƙarƙashin bonet ya ninka digiri 25 har da ɗoriya. In gidan fis ɗinka a ɗakin inji yake, kuma lissafinka ya faɗo dab da lamba, kamar 14.6 ga mai 15, hau mataki ɗaya in waya ta ba da dama.

Kada kuma ka ɗauka fis mai 15 yana mutuwa ne da zarar wuta ta kai 16. Irin mai ƙafa biyu yakan ɗauki ƙarin kashi 10 na sa'o'i masu yawa. In wutar ta ɗara lambarsa da kashi 35, yana iya ɗaukar mintuna kafin ya tsinke. Sai ta ninka lambar ne yake yankewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Yi wannan lissafin da mai 30 ɗin da aka sa mini: amfiya 30 za ta yi ta bin wayar da iyakarta 8.75, shi ko gezau.

To idan babu lamba a tsakani fa? Wannan yakan faru, kuma mafi yawa da fitilar gaba. Mutum ya gaji da duhun hanyar Kachia, ya sayi ƙwayayen fitila masu wat 100/90. Kowane yana jan amfiya 8.3, biyun 16.7, lissafi yana neman fis mai 25, waya da makunnin sitiyari kuwa don amfiya 10 aka yi su. A nan babu fis ɗin da zai gyara zance. Ko dai a koma 60/55, ko a ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta bi ta rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babbar wuta.

In za ka ƙara kaya ko ƙara fis

Rile na mota mai ƙafa huɗu lambobinsa a ƙasa suke. Ƙafa 30 tana karɓar wuta daga batir ta cikin sabon fis, 87 tana kai wa fitila ko fanka, 86 tana karɓar tsohuwar wayar makunni, 85 ta tafi bodi. Da haka tsohon makunnin ya huta, abin da yake ɗauka bai kai rabin amfiya ba. Sabon fis ɗin a kusa da batir ake sa shi, kada ya wuce kamu ɗaya, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai gadi. Wanda ya ja waya daga batir ta ratsa bangon inji har but, ya je ya sa fis a gindin amfilifaya, ya kare amfilifaya ya bar mota. Kuma duk inda waya za ta ratsa huda a ƙarfe, a sa mata roba a bakin hudar.

Tsofaffin motocin Ingila da yawa fis biyu kacal gare su, waɗanda suka biyo baya huɗu, kuma fitilun gaba ba su bi ta ko ɗaya ba. Launin wayar Lucas yana gaya maka halin da take ciki: ruwan ƙasa kullum da wuta kuma babu fis, fara tana samun wuta in an murɗa makulli ita ma babu fis, shunayya da koriya su ne suka bi ta fis. A motar Jamus lamba ake bi, 30 wutar batir kai tsaye, 15 wutar bayan makulli, 31 bodi. Ƙara ɗan gidan fis mai rami shida a irin waɗannan motoci aiki ne na yini ɗaya, kuma ban ga abin da ya rage wa mota na asalinta ba in an ɓoye shi da kyau. Sai dai fitilun gaba a raba su, hagu da nata dama da nata. In a fis ɗaya suke, ranar da ya tsinke kana gudu da dare, duhu ne gaba ɗaya.

Babbar wayar da ke zuwa kik ba a sa mata fis, don tana jan ɗaruruwan amfiya wajen tayar da inji. Wayar caji kuma, in an cire tsohon dainamo an sa altaneta mai amfiya 55 ko 70, a fara canza wayar zuwa mai kaurin da zai ɗauki hakan, sannan fis ɗinta ya ɗara iyakar altanetar, domin in ya tsinke inji na gudu altanetar na iya lalacewa. Masu Land Rover ta kafin 1967 su duba ko ƙafar batir mai alamar tarawa ce ke haɗe da bodi, don haka aka ƙera su. Ko ma wace ce, fis a layin da ba na bodi ba yake zama.

Saye, sakawa, da abin yi in ya sake ƙonewa

A Panteka ko wajen masu kayan gyara, ɗauki tsohon ka tafi da shi don tsawo, tunda na gilashi ba duka tsawonsu ɗaya ba. Gajere yana rawa a rami, dogo yana buɗe ƙarafan. Nemi wanda aka buga wa lamba da sunan masana'anta a jiki, irin su Bosch da Hella da Littelfuse da Bussmann. In an rubuta 32V kada ya dame ka, iyakar bolt ɗin da zai iya yankewa ce, ya yi wa motar bolt 6 da 12 har da 24. Waɗanda ake zubawa a leda ɗari-ɗari babu suna, na ga wanda robarsa ta narke ƙarfen bai tsinke ba. Da in sa irinsu gara in tsinci na asali daga gidan fis ɗin motar Beljiyam da aka yanka. Na Jamus kuma, a nemi mai jikin tangaran na gaske da ƙarfe ja ko ruwan tagulla. Mai jikin roba da farin ƙarfe yakan yi laushi in ya ji zafi, ya gajarce, ƙarafan ramin su daina matse shi. Fis ɗin filogin gida mai 13A tsawonsa ya yi kusa da na tangaran, shi ya sa ake ganinsa a cikin Marsandi, amma bakinsa a shafe yake, ba ya zama a mazaunin mai tsini. Takardar kwalin sigari da silin waya da ƙusa kuwa ba sai na ce komai ba.

Kafin ka sa sabo, goge ƙarafan ramin da lallausar samfefa har su yi ƙyalli, ka ɗan matse su da filaya. Ƙurar hunturu da laimar damina suna haɗuwa su yi musu kore, tsatsar tana kawo zafi, zafin yana narkar da fis ko da wutar layin daidai take. Da yawa daga fis ɗin da ake cewa sun yi ƙanƙanta, datti ne ya kashe su. Bayan ka sa, tayar da inji, kunna duk abin da ke kan layin, ka ba shi minti 10, sannan ka taɓa fis ɗin da wayar da bayan yatsa. Ɗumi-ɗumi ba laifi. In ba ka iya barin yatsa a kai, akwai sauran aiki.

Yadda fis ya mutu ma yana ba da labari. In ƙarfen ya lotsa ya rabu a tsakiya, gilashin kuma garau, nauyi ne ya yi yawa ko zafin tsatsa, sai a koma lissafi. In ya fashe ya baƙanta gilashin, waya ce ta taɓa bodi kai tsaye. Ita wannan ba a nemanta da ƙona fis ɗaya bayan ɗaya. Dabarar da Baba ya nuna mini ita ce a samu tsohon ƙwan birki mai wat 21, a liƙa masa waya biyu, a maƙala su a ƙarafan ramin a madadin fis. Kashe ko zare duk kayan da ke kan layin. In ƙwan ya kama da cikakken haske, wayar tana taɓa bodi a wani wuri, kuma ƙwan ya tare wutar, ba ta wuce amfiya 2 ba, babu abin da zai ƙone. Sai ka bi layin kana girgiza wayar taƙi-taƙi, kana zare soket ɗaya-ɗaya, wani yana kallon ƙwan. Inda ya dushe ko ya mutu, nan ciwon yake. Wuraren da aka fi samu su ne maƙogwaron ƙofa, gindin murfin but, bayan rediyo, da duk inda waya ta kwanta a kan kaifin ƙarfe. Tawa a ƙarƙashin kujerar baya aka same ta, wani sukurun kafet ya huda robar, yana taɓawa in mota ta faɗa rami yana saki. Ƙaramin fis ɗin da yaron ya ce yana yawan ƙonewa, sukurun nan yake ta kai ƙara.

Da ka gama, rubuta lambar kowane rami da abin da yake riƙe a 'yar takarda, ka manna a cikin murfin, ka sa biyu-biyu na kowace lamba a gwangwanin ashana ko kwalbar magani a aljihun dashbod tare da ƙwan gwajin. In za ka bar motar a gareji, buɗe murfin ka nuna wa mai gyaran takardar, ka ce in wani ya ƙone a kira ka kafin a canza.